Daga Fagen Fama Zuwa Zauren Shawara: Matan Aljeriya a Ayyukan Fanon da Pontecorvo da Asiya Jabbar

1.0 Gabatarwa

A watan Satumba na 1962, watanni biyu da 'yan kwanaki bayan Aljeriya ta karɓi 'yancin kanta daga hannun Faransa, aka zaɓi majalisar da za ta tsara wa sabuwar ƙasar tsarin mulki. Wakilan sun kusa 200, mata goma ne a cikinsu. Da aka sake zaɓe a 1964 sai suka koma biyu. Babu mace ko ɗaya a cikin ministocin Ahmed Ben Bella, haka kuma babu a cikin na Houari Boumediene tun daga juyin mulkinsa na 1965 har rasuwarsa a 1978. Sai a 1982 ne marubuciya Zuhur Wanisi ta zama mace ta farko da ta shiga gwamnati. Abin mamaki kuwa shi ne, a waɗannan shekaru babu matan wata ƙasa ta Afirka da sunansu ya kewaye duniya kamar na Aljeriya. Tun a 1958, ana tsakiyar yaƙi, Yusuf Shahin ya shirya fim a Masar a kan Jamila Bouhired, iyaye kuma a ƙasashen Larabawa suka yi ta raɗa wa 'ya'yansu sunanta.

Amsar da aka saba bayarwa game da wannan giɓi ita ce, maza sun ci moriyar ganga sun ya da kwaurenta. Akwai gaskiya a cikin wannan magana, amma ba ta ƙoshar da mai nazari ba, domin ta ɗauka cewa matan sun riƙe ragama a lokacin yaƙi, daga baya aka ƙwace. Manufar wannan maƙala ita ce ta nuna cewa tun ana cikin yaƙin aka ba su jarumta aka hana su shugabanci, kuma ayyukan fasaha da suka ɗaukaka su sun taimaka wajen tabbatar da wannan rabo. Za a duba ayyuka uku: maƙalar Frantz Fanon a kan mayafin matan Aljeriya, wadda ta buɗe littafinsa L'An V de la révolution algérienne na 1959; fim ɗin Gillo Pontecorvo, La Bataille d'Alger, watau Yaƙin Birnin Aljas, na 1966; da kuma littafin gajerun labarai na Asiya Jabbar, wadda ake rubuta sunanta Assia Djebar da Faransanci, mai suna Femmes d'Alger dans leur appartement, watau Matan Aljas a Cikin Ɗakinsu, na 1980.

Ya kamata a fayyace kalmomi biyu tun da wuri. Jarumi shi ne wanda ya zartar da abin da aka yanke, ya jure duk abin da ya biyo baya. Shugaba kuwa shi ne wanda ake yanke abin da shi. Tsarin sarautar Hausa ya san wannan bambanci sarai: ana yi wa barde kirari a bainar jama'a, ana kaɗa masa take, amma wannan bai sa lalle a kira shi zauren da ake shawarar ko za a fita yaƙi ko ba za a fita ba. A kan wannan ma'auni za a ɗora ayyukan nan uku.

2.0 Abin da Tarihi Ya Tabbatar

Yaƙin ya fara ranar 1 ga Nuwamba 1954 a ƙarƙashin jam'iyyar FLN, ya ƙare a 1962. Nazari mafi inganci a kan rawar mata a cikinsa shi ne na Jamila Amrane, wadda ita kanta an ɗaure ta a lokacin yaƙin, ta kuma buga littafinta a 1991. Ta bi rajistar ma'aikatar tsofaffin mayaƙa, ta tarar da sunayen mata 10,949 a cikin mutum fiye da 330,000, watau kimanin kashi 3 cikin 100. Ita da kanta ta lura cewa adadin bai kai na gaskiya ba, domin matan karkara da yawa ba su san hanyar neman takardar shaida ba. Abin da ya fi muhimmanci shi ne yadda aikin ya rarrabu. Mafi yawansu matan ƙauye ne, aikinsu dafa abinci da ɓoye mayaƙa da kai saƙo da wanki da jinya. Da yawa daga cikin waɗanda suka shiga daji ma'aikatan jinya ne. Masu ɗaukar makami ko bam a birni, waɗanda su ne duniya ta sani, kimanin kashi 2 cikin 100 ne kawai na waɗanda aka tantance aikinsu.

A ɓangaren shugabanci kuwa lissafin ba shi da wuya. Taron Soummam na watan Agusta 1956, wanda ya tsara wa juyin shugabancinsa, ya yaba wa mata ya kuma zayyana musu ayyuka: ƙarfafa guiwar mayaƙa, da leƙen asiri, da kai saƙo, da tanadin abinci da masauki, da kula da iyalan waɗanda aka kama. Amma a majalisar ƙoli da taron ya kafa babu mace. A kwamitin zartarwa babu mace. A gwamnatin wucin gadi da aka ayyana a Alƙahira a 1958 ma babu mace. Ba kuwa don an rasa waɗanda suka cancanta ba ne. Tun a 1947 Mamiya Chentouf, ungozoma, da Nafisa Hamoud, ɗalibar likitanci, suka jagoranci kafa ƙungiyar matan Musulmin Aljeriya, suka yi shekaru suna shirya taruka da tara kuɗi da wayar da kai. Nafisa ta zama likita, ta shiga daji, aka kama ta a 1957. Mata masu irin wannan gogewa suna nan tun kafin a harba harsashin farko, sai dai ba a buɗe musu ƙofar zaure ba.

Saboda haka tambayar da ke gaban mai tarke ita ce: yaya ayyukan fasaha suka yi da wannan gaskiya? Sun tona ta ne, ko sun lulluɓe ta da yabo?

3.0 Fanon da Mayafi

Fanon ɗan tsibirin Matinik ne, likitan taɓin hankali, wanda ya kama aiki a asibitin Blida a 1953, ya ajiye a 1956 ya bi FLN. Maƙalarsa tana da ƙarfi ta fuskoki biyu. Na farko, ya gano cewa Faransawa sun mai da farin mayafin matan Aljas, wanda ake kira haik, fagen daga. A ganinsu, wanda ya yaye mayafin ya shiga gidan, wanda ya shiga gidan kuwa ya karya al'ummar. Ya kawo bukukuwan watan Mayu 1958, inda aka tara mata a dandali aka yaye musu lulluɓi ana tafi, a matsayin shaida. Na biyu, ya nuna cewa mayafin ba shi da ma'ana guda tsayayya. Da aka buƙaci 'yan mata su ratsa unguwar Turawa, sai suka ajiye shi suka sa tufafin Turai. Da sojoji suka gane dabarar, sai aka koma gare shi domin a ɓoye kaya a ƙarƙashinsa. Wannan karatu ne mai zurfi, har yau kuma ana cin gajiyarsa.

To amma a duba yadda aka gina maƙalar. Wane ne mai aikatawa a cikin jimlolinta, wace ce kuma ake aikatawa a kanta? Fanon ya ba da labarin yadda shugabanni suka yi ta jinkiri da tunani kafin su yarda a shigo da mata, yadda suka fara da matan aure, sa'an nan zawarawa, daga baya 'yan mata. Damuwar da ya bayyana da tausayi ita ce damuwar waɗannan shugabanni. Su ne suka auna, su ne suka yanke. Macen kuwa, da alƙalami ya juyo kanta, jikinta ake siffantawa: yadda take jin kamar tsirara take idan ta fita ba mayafi, yadda take koyon sabuwar tafiya, yadda take daidaita kafaɗa da taku a gaban soja. Babu mace guda da aka kira da sunanta aka ji ra'ayinta a kan yadda ya kamata a tafiyar da yaƙin. "Macen Aljeriya" ce kawai, guda ɗaya tilo, mai wakiltar miliyoyi.

Daga nan ne kuskurensa mafi girma ya taso. A babin da ya yi a kan iyali, Fanon ya ɗauka cewa tunda 'ya ta kwana a daji tare da mayaƙa, uba kuma ya kasa tsawata mata, to tsohon tsari ya rushe ke nan ba zai dawo ba. Ya ɗauki dokar larura a matsayin sabuwar al'ada. Larura kuwa takan halatta abu, ta kuma janye halaccin ranar da ta gushe. Fanon ya rasu a Disamba 1961, bai ga abin da ya biyo baya ba, don haka ba a tuhumarsa da ɓoye gaskiya. Abin da za a ce shi ne, maƙalarsa ta koya wa masu karatu da yawa cewa shiga yaƙi shi kansa 'yanci ne, alhali wanda aka shigar da shi da izini ana iya fitar da shi da izini. Hakan kuwa ta fara faruwa tun kafin littafin ya fito, domin daga ƙarshen 1957 an kwashe mata da yawa daga daji a wasu yankuna aka nufi da su Tunisiya da Maroko.

4.0 Fim ɗin Pontecorvo

Pontecorvo Ba'italiye ne, amma an shirya fim ɗin da haɗin guiwar Yasif Sa'adi, wanda ya shugabanci mayaƙan FLN a unguwar Kasba, tsohon garin Aljas. Yasif ya fito a ciki da sunan Ja'afar, watau yana kwaikwayon kansa. Fim ɗin ya ci babbar kyautar bikin finafinai na Venis a 1966. Ba a musun ingancinsa. Bai ɓoye azabtarwar da sojojin Faransa suka yi ba, bai kuma ɓoye fuskokin fararen hula, har da yaro ƙarami, waɗanda bam ɗin FLN zai hallaka ba.

Fitowar da ta fi shahara a cikinsa ta dogara ne a kan abin da ya faru ranar 30 ga Satumba 1956, lokacin da Zohra Drif da Samiya Lakhdari da Jamila Bouhired suka fita da bama-bamai zuwa unguwar Turawa, makonni kaɗan bayan wasu Turawa sun tayar da bam a titin Thèbes cikin Kasba sun kashe mutane da yawa. A fim ɗin an nuna mata uku a gaban madubi. Sun cire mayafi, ɗaya tana yanke gashi tana rina shi, ana shafa jan-baki, ana gwada siket. Babu mai cewa uffan, kiɗan ganga ne kaɗai ke tashi. Pontecorvo ya bayyana daga baya cewa da akwai zance a rubuce, ya ga bai zauna ba, ya cire shi ya sa kiɗa. Ta fuskar fasaha ya yi daidai, domin shirun ya fi kowace magana tsinka zuciya. Ta fuskar ma'ana kuwa, abin da mai kallo ya tashi da shi shi ne mata uku marasa harshe. Sa'an nan Ja'afar ya shigo, ya dube su ɗaya bayan ɗaya kamar mai duba kaya, ya gaya wa kowacce inda za ta.

A kwatanta wannan da yadda fim ɗin ya yi da maza. Ali La Pointe yana da tarihi: an nuna shi ɗan tasha, an nuna shi a kurkuku, an nuna yadda ya juya. Larbi Ben M'hidi yana da tunani: an tsayar da shi a kan soro da dare yana yi wa Ali bayanin cewa fara juyi abu ne mai wuya, ci gaba da shi ya fi wuya, wahalar gaske kuma sai bayan an ci nasara. Kanar ɗin Faransa ma an ba shi fili ya kare kansa a gaban 'yan jarida. Kowane namiji yana da hujja, mata kuwa fuska kawai suke da ita. Alhali Zohra Drif ɗalibar shari'a ce a jami'ar Aljas, ta kuma zauna a maɓoya ɗaya da Yasif har aka kama su tare a Satumba 1957. Hasiba Ben Bouali, wadda ta mutu tare da Ali ranar 8 ga Oktoba 1957 tana da shekara 19, ta ƙi miƙa wuya ne da saninta. Mata irin waɗannan ba su rasa abin faɗa ba.

Rufewar fim ɗin ta ƙara tabbatar da wannan. An nuna zanga-zangar Disamba 1960, guɗa ta cika gari, wata mace tana rawa da tuta a hannu, 'yan sanda suna tura ta tana dawowa. A nan mace ta zama ita ce Aljeriya. Wannan girmamawa ce, amma mai tsada, domin wadda aka mai da ita alamar ƙasa ba a tambayarta ra'ayinta a kan kasafin kuɗi. Ana rataye tuta a bangon zauren majalisa, ba a ba ta kujera a ciki.

5.0 Asiya Jabbar da Komawa ga Murya

An haifi Asiya Jabbar a Sharshal a 1936. Bayan littafinta na 1967 ta yi fiye da shekara goma ba ta fitar da ƙagaggen labari ba. A cikin wannan tsakani ta koma duwatsun Shenuwa, yankin dangin mahaifiyarta, tana sauraron matan ƙauye suna ba da labarin yaƙi da bakinsu, abin da ya haifar da fim ɗinta na 1978. Littafin 1980 ɗan wannan sauraro ne. Sunansa aro ne daga zanen da Delacroix ya yi a 1834, bayan ya leƙa wani gida a Aljas a 1832, shekara biyu da kama birnin. A jawabin da ta rufe littafin da shi ta yi nazarin zanen: mata a zaune cikin ado, ana kallonsu, ba a jin abin da suke cewa. Hujjarta ita ce, bayan shekara 150 da yaƙin 'yanci a tsakani, yanayin bai sauya ba sosai. Da wannan ta sa yatsa a kan ainihin abin da ya raunana Fanon da Pontecorvo, watau dukansu ido suka yi aiki da shi, ita kuwa kunne ta kawo.

Labarin da ya ɗauki sunan littafin yana faruwa ne a Aljas bayan 'yanci. Tauraruwarsa Sara, matar wani likitan fiɗa mai suna Ali, an ɗaure ta an azabtar da ita a lokacin yaƙi, yanzu kuma tana aiki a wata cibiya tana juyar tsofaffin waƙoƙin mata daga faifai zuwa takarda. Ba ta taɓa ba kowa labarin kurkuku ba. Akwai Laila, ɗaya daga cikin masu ɗaukar bam, wadda aka tsinto a asibitin masu taɓin hankali, ƙwaya ta cinye ta. Akwai kuma Fatima, tsohuwa mai ɗiban ruwa da tausa a gidan wankan mata, wadda ta zame ta ji ciwo a hannu, a kan hanyar asibiti kuma rayuwarta ta yi ta zubowa daga bakinta: aurar da ita tana yarinya, gudunta, da shekarun wulaƙanci.

Haɗuwar Sara da Laila ita ce zuciyar labarin, ita ce kuma amsar fitowar madubi ta Pontecorvo. A can an ga jiki ana yi masa ado domin aiki, a nan an ga abin da aikin ya bari a jikin. Laila tana sambatu tana neman sauran 'yan uwanta masu ɗaukar wuta, tana tambayar inda suka shige. Sara ta buɗe rigarta ta nuna mata tabon azaba. Marubuciyar ta fito da wani abu da waƙoƙin yabo suka tsallake: azabar da aka yi wa mata a hannun soja ta haɗa da keta mutunci, al'umma kuwa ta ɗauki wannan abin kunya ne, don haka ta nemi matan su yi shiru domin a rufa asiri. Namiji ya fito kurkuku tabonsa ya zama takardar shaidar neman muƙami. Mace ta fito nata tabon ya zama abin ɓoyewa. Wannan bayani ne a kan rashin mata a majalisa wanda ƙididdiga ba za ta iya bayarwa ba.

Dabarar jera Fatima kusa da Laila ita ma abar lura ce. An ba kowaccensu dogon zance nata na kanta, mai zubin waƙa, ɗaya mai ɗaukar ruwa, ɗaya mai ɗaukar bam. Ma'anar a fili take: dukansu 'yan dako ne, an ɗora musu kaya sun kai inda aka ce. Da haka marubuciyar ta rushe katangar da ke tsakanin jaruma da talaka, ta kuma dawo da mafi yawan matan da lissafin Amrane ya nuna, waɗanda fim bai gani ba. Maganin da Sara ta gano a ƙarshe shi ne magana: mata su yi ta yi wa juna magana a kan jiya da yau, ba tsayawa. Hausawa sun ce waƙa a bakin mai ita ta fi daɗi.

6.0 Inda Littafin Ya Tsaya

Duk da wannan nasara, littafin yana da iyaka, kuma adalci ne a faɗe ta. Ta farko ita ce harshe. Muryoyin da ta saurara da Larabcin gida da harshen Berber ta mai da su Faransanci, aka buga a Faris, galibin masu muryoyin kuwa ba za su iya karantawa ba. Ita kanta ta san da wannan ciwo, ta kuma yi ta komawa kansa a littattafanta na baya.

Iyaka ta biyu ita ce ta fi shafar jigon wannan maƙala. Maganar da Sara take kira a yi, a ina za a yi ta? A ɗaki, da gidan wanka, da gefen gadon asibiti. A duk faɗin labarin babu taro, babu ƙungiya, babu takardar koke, babu mace mai neman kujera. An ɗauke mace daga matsayin alama an mai da ita mai rauni mai ba da shaida. Wannan ci gaba ne, amma mai shaida a gaban alƙali ba shi ne alƙali ba. Ana iya kare marubuciyar da cewa ƙasar jam'iyya ɗaya ce a lokacin, ƙungiyar mata ta UNFA kuma reshen jam'iyyar ce, saboda haka babu zauren da za ta siffanta. Uzurin yana da ƙarfi, sai dai tarihi bai goyi bayansa gaba ɗaya ba. Tun a 1963 Fatima Khemisti, ɗaya daga cikin mata goman nan na majalisar farko, ta gabatar da dokar da ta ƙayyade shekara 16 a matsayin mafi ƙarancin shekarun aurar da yarinya, aka kuma zartar. Irin wannan mace ba ta sami gurbi a ko ɗaya daga ayyukan nan uku ba.

Shekara guda bayan fitowar littafin sai rayuwa ta wuce shi. A 1981, zamanin Shazali Bin Jadid, aka ji cewa gwamnati ta kai daftarin dokar iyali majalisa ba tare da an bayyana wa jama'a abin da ke ciki ba. Malaman jami'a da ɗalibai da ma'aikata mata suka fito, tsofaffin mayaƙa mata, ciki har da Zohra Drif, suka shiga gaba, aka tsaya a ƙofar majalisa da kan titunan Aljas. Gwamnati ta janye daftarin a farkon 1982, sa'an nan ta zartar da dokar a watan Yuni 1984. Hukunce-hukuncen fiƙihu da ke cikinta ba hurumin wannan maƙala ba ne, malamai sun yi ta muhawara a kansu, an kuma gyara wasu sassa a 2005. Abin da ya shafi nazarin nan shi ne koken farko na matan: an tsara dokar da za ta hukunta aurensu da sakinsu da riƙon 'ya'yansu ba a zauna da su ba. Kura da shan bugu, gardi da karɓar kuɗi. A wannan karo ne tsofaffin mayaƙan suka ɗauki sunan da aka yi musu kirari da shi suka mai da shi jarin siyasa, ba da izinin kowa ba.

Abin da ya biyo baya ya nuna cewa matsalar ba ta mutu ba. Louisa Hanoune ta tsaya takarar shugaban ƙasa a 2004, mace ta farko da ta yi haka a Aljeriya. Dokar kaso ta 2012 ta kai mata 146 majalisa mai kujeru 462, kusan kashi ɗaya cikin uku. Da aka sauya dokar zaɓe a 2021 sai suka faɗo ƙasa da kashi 10 cikin 100. Kujerar da doka ta bayar ba tare da gindi a cikin shugabancin jam'iyyu ba, doka ta karɓe, kamar dai yadda izinin shiga daji ya zo ya tafi.

7.0 Kammalawa

Ayyukan nan uku matakai uku ne. Fanon ya ga mace tana aiki ya ɗauka ta 'yantu. Pontecorvo ya ba ta fuskar da duniya ba ta manta ba, ya hana ta harshe. Asiya Jabbar ta mayar mata da harshen, amma ta bar ta a ɗaki. Babu wanda ya kai ta zauren shawara, ko da yake ta ukun ce kaɗai ta gane cewa ba ta kai ba, wannan kuwa shi ya sa littafinta ya fi sauran biyun gaskiya a kan wannan batu.

Akwai darasi a nan ga mai nazarin adabin Hausa, ko da yake Nijeriya ba da bindiga ta karɓi mulkin kai ba. Idan aka ambaci Hajiya Gambo Sawaba, shugabar matan NEPU, abin da ake saurin kawowa shi ne yawan ɗaurin da ta sha da dukan da ta jure. Ba kasafai ake tsayawa a kan abin da ta nema ba, wanda a cikinsa akwai ƙuri'ar matan Arewa, abin da bai samu ba sai a 1976, shekara goma sha shida bayan mulkin kai. Saboda haka duk rubutu ko waƙa ko fim da ya zo da jaruma, ya kamata mai tarke ya yi masa tambayoyi uku: wa ya yanke shawarar abin da ta aikata, an ji dalilinta daga bakinta, ina kuma aka ajiye ta bayan ƙura ta lafa?

A ranar 1 ga Maris 2019, lokacin zanga-zangar da ta kai ga saukar Abdul'aziz Butafliƙa, Jamila Bouhired ta fito titin Aljas tana da shekara fiye da 80, matasa suka kewaye ta suna sumbatar goshinta. Waɗanda ake zanga-zangar dominsu suna mulki ne da sunan juyin da ta sha azaba a kansa, sun kuma daɗe suna ambaton sunanta a bukukuwa. A wannan rana ita ta zaɓi ɓangaren da za ta tsaya, kuma ba wanda ya aike ta.